Akwatin Hutu da Likkafanin Gwaggo

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare a nan cikin garin Daura, kuma ban taɓa sanin ɗanɗanon hutu ba, duk da sau uku a shekara nake rubuta shi a allo da hannuna. Ranar da aka rufe makaranta, ranar ake buɗe mini wata a gida. Ga wankin da ya taru, ga surfe, ga bikin 'yar wane da sunan jikan wance, ga jinyar da take jirana tun kafin a yi jarrabawa. Da na yi ritaya sai 'yata ta biyu, wadda take aikin harhaɗa magunguna a Abuja, ta kira ni a waya ta ce, "Umma, kwana bakwai nake so ki ba ni. Za mu je wani tsibiri, ni da ke da ƙanena, ki zauna kawai."

Na ce, "In zauna in yi me?"

Ta ce, "Zaman shi ne aikin."

Pemba suke ce wa tsibirin, a ƙasar Tanzaniya, can cikin teku. Ta ce mutanensa Musulmi ne, ana jin kiran salla daga masauki, kuma irin kanumfarin da muke jefawa a kunu da yaji a can ake noma shi. Zancen kanumfarin ne ya kama ni. Tun ina yarinya nake daka shi, ban taɓa tambayar ko bishiya ce take haifarsa ko ciyawa ba. Na sauke farali shekaru da dama da suka wuce, don haka ba wanda zai ce na tsallake wajibi na tafi shan iska. Ƙanen nata kuwa shi ne muharraminmu. Maigidana Malam, wanda yadi yake sayarwa a kasuwa, bai ja zancen ba. Ya ce, "Ku je, Allah ya tsare. Ni dai ban ga gaisuwar da zan je in yi wa ruwa ba." Na ji daɗin wannan izini ƙwarai, don ban san abin da yake tafe a bayansa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun da sauran wata biyu 'yar tawa ta turo mini jerin abubuwan yi a waya. Fasfona ya mutu, sai da na je Katsina sau biyu kafin sabo ya fito. Aka yi mini allurar rigakafin shawara, aka ba ni ɗan katin nan mai ruwan ɗorawa, ta ce in riƙe shi kamar raina, in sa shi cikin fasfo, in kuma ɗauki hotonsu duka a waya ko da tsautsayi. Ta sa na sayi maganin zazzaɓin cizon sauro, da takalmin roba mai rufe yatsu saboda duwatsun cikin ruwa suna yanka, da 'yar jakar leda mai zif ta sa waya. Har da wani man shafawa ta aiko mini wai na kare rana. Ni da na shekara talatin da biyar ina tsayawa a filin makaranta cikin bazarar Daura ina jera yara, ni za a koya wa rana? Na yi dariya na jefa shi cikin akwati don kada in ɓata mata rai.

Kan tufafi muka fi yin gardama. Na fito da leshina biyu da atamfofi masu nauyi, don a saninmu mutum ba ya zuwa baƙon wuri a wulaƙance. Ta ce in mayar da su, can zafi ne mai gumi, kaya marasa kauri ake so, masu saurin bushewa. Na ɗauko kekena na ɗinka doguwar riga da wando har idon sawu da ƙaramin hijabi, na shiga ruwa in zuciyata ta ba ni. Yadin ma daga shagon Malam ya fito, shi ya zaɓo mini. Sai maganar guzuri. Ta ce ba dambun nama, ba kilishi, ba daddawa, ana iya ƙwace su a filin jirgi, kuma a masaukin za a dafa mana komai. Na ce tafiya ba guzuri ai wauta ce. Ta ce, "Umma, wautar nake so ki gwada sau ɗaya." Na ƙulla ɗan yaji a leda na ɓoye cikin safa, wannan kam ban faɗa mata ba.

Akwatin kuma akwai nauyin da ba a so ya wuce. Na aro sikelin maƙwabciyata ungozoma, wanda take auna masu juna biyu, in hau rungume da akwati, in sauka in ajiye, in sake hawa ni kaɗai, in cire wannan daga wancan. Kullum da safe sai na yi wannan hawa da sauka. Na zama kamar yarinyar da aka yi wa alkawarin kayan Salla, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Duk wannan shiri ban gaya wa kowa ba, domin a garinmu ba a shelar tafiya sai ta matso, saboda baki. Amma Daura ba ta da girman da za a yi wa mace allura a asibiti, a kuma gan ta a motar Katsina sau biyu, a ce ba wanda ya lura.

Saura kwana tara mu tashi, wata ƙawata ta yi sallama da hantsi ɗauke da kwanon dambun nama. Ta zauna, ta kama hannuna ta ce, "Hajiya, ashe komawa za ki yi ba ki faɗa ba? Allah ya sa karɓaɓɓiya ce. In kin tsaya gaban Ɗakin Allah ki tuna da yaron nan nawa da ya rasa aiki."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Malam ne ya faɗa wa su maigidanmu a majalisa. Ya ce Umara 'yarki ta biya miki."

Ban san yadda na sallame ta ba. Da Malam ya dawo cin abinci bayan azahar, na bari ya wanke hannu, sannan na ce, "Malam, ina za ni ranar Asabar ta sama?"

Ya ce, "Wace irin tambaya ce wannan, Hajiya?"

Na ce, "So nake in ji daga bakinka, don na ga kamar an canza mini jirgi ban sani ba."

Ya ajiye lomar da ya ɗauka. Ya ce, "Yo me kike so in ce musu? Ga liman zaune, ga surukanmu, sai in buɗe baki in ce matata za ta bakin teku, inda Turawa suke kwanciya ba sutura? Wani ne ya ce an gan ki wurin fasfo, ko Umara za ki. Na ce e. Kalma ɗaya ce."

Na ce, "Kalma ɗaya ce, amma ƙarya ce."

Ya ce, "Rufin asiri ne."

Na ce, "Asirin wa ya tonu? Sata zan je yi? Ba kai ka zaɓo mini yadin da zan rufe jikina ba?"

Abin da ya faɗa bayan wannan shi ne ya ƙarasa tafasa ni. Wai ya riga ya yi tunanin komai. In mun sauka Kano a dawowa, sai mu biya kasuwar da alhazai suke sayen tsaraba, mu sayo dabino da carbi da kwalli da 'yan huluna, a raba wa mutane, magana ta wuce. Mutumin da in yaron shago ya rage wa mai saye ko da faɗin yatsa a awon yadi sai ya kore shi, shi ne ya zauna ya auna mini ƙarya, ya yanka, har da kalmasa baki.

Tun da aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan muka cika Islamiyya mu matan aure, hijabi ya sauko har ƙasa, kuma ni ban ƙi ko ɗaya ba, da ni aka yi. Amma na lura wasu sun ɗauki tsoron bakin mutane sun naɗa masa rawani, sun ce tsoron Allah ne. Da asibitin Masar za a kai ni, da an tausaya mini. Da Dubai za ni saro kaya, da an ce Hajiya akwai neman na kai. Da zaman jego za ni gidan 'yata in yi kwana arba'in ina dafa ruwan wanka, da an sa mini albarka. Amma a ce mace ta yi kwana bakwai ba ta ɗora tukunya ba, ba ciwo, ba mutuwa, ba riba, wannan abin kunya ne da sai an lulluɓe shi da Ɗakin Allah. A ganin Malam, ƙarya da sunan Umara ta fi sauƙin faɗa a gaban liman a kan gaskiyar cewa matarsa ta gaji.

Na faɗa masa duk wannan, har da abin da ya fi wannan. Amma a nan zan tsaya in faɗi nawa laifin, don ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Shekara talatin da takwas muna tare ban taɓa ƙaryata shi a gaban mutane ba, kuma na kasa farawa. Mata suka yi ta zuwa sallama kamar yadda ake yi wa mai tafiya ƙasa mai tsarki. Wannan ta kawo garin kunu, waccan ƙuli-ƙuli, wata soyayyen nama, duk abubuwan da aka hana ni ɗauka suka taru a kusurwar ɗakina. Kowace da addu'ar da take so a kai mata, ta haihuwa, ta miji, ta ciwon ƙafa. Har maƙwabciyar da muka shekara huɗu ba ma ga maciji saboda kwatar da take zubo mana ruwa a ƙofar gida ta shigo tana hawaye, ta ce mu yafi juna, ba a san mai dawowa ba. Ni kuwa ina zaune ina cewa amin, amin, Allah ya sa mu dace. Ina gaya wa kaina ai ni ban ce za ni Umara ba, shiru kawai na yi.

Ranar Litinin da safe, saura kwana biyar, na ji ƙarar sanda a zaure. Gwaggo ce, ƙanwar mahaifin Malam, tsohuwar da ta haura tamanin, wadda rabonta da fita daga gidanta tun Sallar da ta wuce. Daddawa take yi tun kafin a kawo ni gidan nan, kuma ita ta yi mini wankan jegon 'ya'yana duka. Na tashi da sauri na tarye ta, na shimfiɗa mata tabarma, na durƙusa na gaishe ta. Sai da numfashinta ya dawo sannan ta ce, "'Yar nan, saki labulen."

Ta zaro wani ƙunshi daga ƙarƙashin mayafinta, an naɗe shi da tsohon zane, yana ƙanshin turaren wuta da ɗan warin daddawa. Ta kwance bakinsa kaɗan. Farin alawayyo ne, a ninke tsaf. Ba sai an gaya mini ba, likkafaninta ne.

Ta ce, "Mijinki ne ya yanka mini shi da hannunsa bara waccan. Ya so ya ba ni kyauta na ƙi, na ce da gumin daddawata nake so in shiga kabari. Da yaron nan na Zango zan ba, ɗan ƙanen marigayi maigidana, jibi Laraba zai tafi Umara. Har na aika masa ya ce to. Sai na ji ke ma za ki. Na ce ina ni ina ba namiji, ya je ya cusa mini shi tsakanin takalma? Na aika na ce ya bar shi, na samu hannun gida."

Wanda take kira yaro magidanci ne mai jikoki, manomin gyaɗa, na san shi.

Ta ɗora ƙunshin a cinyata ta ce, "Ki tsoma mini shi a Zamzam, ki shanya shi a can, iskar wurin ta buge shi. Ni ƙafata ba ta je ba, kuma na san ba za ta je ba. To rigata ta ƙarshe ta je ta gano mini."

Na san malamai sun ce wannan ba dole ba ne, a Islamiyya ma an faɗa mana. Amma ba fatawa Gwaggo ta zo nema ba. Buri ɗaya ne ya rage mata a duniya, ta ɗauko shi daga hannun da zai kai shi, ta sa a nawa. Gaskiya ta taso mini har maƙogwaro. Na dubi fuskarta, na tuna Malam da majalisarsa, sai na ji bakina ya ce, "To, Gwaggo." Wannan "to" ɗin har yau ban yafe wa kaina shi ba.

Da Malam ya dawo da azahar, na ajiye masa ƙunshin a kan tabarma, daidai inda nake ajiye kwanon tuwo. Ya buɗe, ya gane yankansa, fuskarsa ta canza. Na ce, "Ga kalma ɗayarka nan ta haihu. A wace kasuwar Kano za mu sayo wa wannan tsaraba? Ko a teku kake so in tsoma shi in dawo in ce mata Zamzam ne?"

Ya yi ta salati. Ya ce wallahi bai zaci abin zai kai nan ba. Ya ce in kwantar da hankalina, gobe Talata da sassafe zai hau mota ya kai wa mutumin Zango da kansa, tun da sai Laraba zai bar gida. Na yarda, don ina so in yarda. Ranar Talata na wuni ina ninke kaya, na sake hawa sikeli, har na gwada rigar ruwan a gaban madubi. Da la'asar ya shigo na tambaye shi, sai ya ce an yi rasuwa a layinsu na kasuwa, ya tsaya jana'iza, amma gobe da sassafe, ai mutumin ba zai fita ba sai rana ta yi sanyi. Rasuwar gaskiya ce, na bincika daga baya. Sai dai jana'iza ba ta cin yini, kuma Zango ba nisa gare ta ba. Abin da ya riƙe ƙafarsa na san shi sarai. In ya miƙa wa mutumin Zango ƙunshin nan, dole ya faɗi dalili, dalilin kuma kafin magariba ya iso majalisa. Na gane haka a lokacin, amma na sake ba shi dare ɗaya.

Laraba da safe ya ce bari ya buɗe shago ya dawo. Hantsi ya yi bai dawo ba. Na shiga ɗakinsa na tarar da ƙunshin a saman kabad, an ɗora masa hula. Ban nemi izinin kowa ba. Na zura hijabi, na rungumi likkafanin, na tari keke mai ƙafa uku zuwa tasha. Motar Zango sai da ta cika ta batse sannan ta tashi, aka matse ni tsakanin wata mai goyo da buhun gyaɗa, ga gero an fara yankewa a gonakin gefen hanya, ni kuwa ba abin da nake yi sai ƙirga bishiyoyi ina cewa Allah ka sa in same shi.

Uwargidan mutumin ce ta tarye ni da murna, ta shimfiɗa tabarma, ta sa aka damo fura. Da na tambayi maigidan ta ce, "Ayya Hajiya, ai jiya bayan azahar ya wuce Kano. Masu shirya musu tafiyar ne suka matso da jirgin. Yanzu haka ma ya sauka." Muka gwada wayarsa, a kashe. Jiya bayan azahar. Da Malam ya cika alkawarin safiyar Talata, da ya same shi yana ɗaure kaya. Da ni ma na taso ranar Litinin ɗin da aka ba ni, da na same shi har da sauran yini guda.

Ta ga yadda na yi, ta ce, "Ai ba komai, ke ma ba Asabar za ki ba? Duk ɗaya ne."

Na ce, "Ba Umara za ni ba. Hutu za ni, bakin teku."

Ta dube ni, sannan ta ce, "To Allah ya kiyaye hanya. Sha furar mana." Sama ba ta faɗo ba, ƙasa ba ta tsage ba. Furar dai na kasa sha.

Daga tasha ban biya gida ba, gidan Gwaggo na nufa. Na same ta a inuwar ɗaki tana tsince kalwa a faifai. Na durƙusa na ajiye ƙunshin a gabanta, na faɗa mata komai tun daga farko, ban rage wa Malam ba, ban rage wa kaina ba. Na ce, "Ranar da kika ba ni ya kamata in faɗa miki, Gwaggo. Kunya ta hana ni, na sa kika rasa mai kai miki. Ki yafe mini."

Ta jawo ƙunshin, ta kakkaɓe ƙurar mota daga zanen, ta gyara ɗaurin da ya kwance. Na so ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Can ta ce, "Shi wannan wurin da za ki, wa zai yi miki girki?"

Na ce, "Masu masaukin."

"Wanki fa?"

"Su ne."

"Ke kuma me za ki yi?"

Na ce, "Zama, Gwaggo. In kalli ruwa."

Ta jinjina kai, ta shafa ƙunshin ta ce, "Ashe akwai wanda ake ba irin wannan tun yana da rai. Mu namu yana cikin nan." Sannan ta ce, "Tashi ki je ki yi shirinki, 'yar nan. Da kun faɗa mini gaskiya, ni mai sa albarka ce. Mijinki kuma ki ce ina nemansa."

Abin da ta gaya masa ban ji ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ga ya dawo ya kasa cin tuwo. Kwana biyun da suka rage, waɗanda na ware don kitso da lalle, na ƙarar da su ina bi gida gida ina mayar da dambu da garin kunu da ƙuli-ƙuli, ina faɗa wa kowace inda za ni da bakina. Wasu suka riƙe haɓa, wasu suka yi dariya, wasu suka ce in riƙe kayan ai an riga an ba ni. Maƙwabciyata mai kwata ta ce, "To yafiyar da muka yi fa?" Na ce tana nan, ba jirgi ne ya ɗaura ta ba. A majalisa aka yi mako guda ana tsokanar Malam ana ce masa mijin 'yar teku, liman ya ce shi bai ga laifin kallon halittar Allah ba in da sutura da muharrami, daga nan aka koma zancen farashin taki. Iyakar abin da yake tsoro ke nan, tsokanar mako guda. Saboda ita aka yi duk wannan ɓarna, kuma duk lokacin da na tuna sai raina ya sake ɓaci kamar yau aka yi.

Mun je tsibirin. Na ga ruwan da ba a hango ƙarshensa, na ga kanumfari a shanye kan tabarmi a gefen hanya kamar yadda muke shanya barkono, ashe bishiya ce doguwa. Na shiga ruwa har gwiwa da rigata da takalmin robana, rana kuma ta ƙona mini hanci duk da cika bakin da na yi. Na zauna, an dafa an kawo mini, ban wanke ko cokali ba. Ba zan ce ban ji daɗi ba, don na gaji da ƙarya. Amma duk sanda na buɗe akwatin sai na ga gurbin da ƙunshin nan zai shiga, da a ce inda aka faɗa za ni can za ni.

Na kawo wa Gwaggo kanumfari cike da leda, ta shinshina ta ce ya fi na kasuwa ƙarfi. Mutumin Zango ma da ya dawo ya kawo mata Zamzam a 'yar gora. Na ce mu yayyafa wa likkafanin. Ta ce a'a, ba jiƙa shi take so a yi ba, zuwa take so ya yi, ta shanye ruwanta da bisimilla. Malam ya shiga cigiyar mai tafiya da gaske a wannan karon, har Baure ya aika, amma duk wanda aka samu cikin waɗanda ta yarda da su sai ya ce sai azumi.

Gwaggo ba ta kai azumin ba. Ina cikin matan da suka yi mata wanka, kuma ni na kwance ƙunshin, da ɗaurin da ta gyara ranar nan ina durƙushe a gabanta. Aka miƙa wa Malam alawayyon a zaure ya yayyaga shi yadda ake yi, ya dawo mana da shi bai ɗaga kai ba. Muna naɗe ta wata tsohuwa daga ƙauye, wadda labari bai kai mata ba, ta shafa farin ƙyallen ta ce, "Wannan ne aka ce an kai mata Makka?"

Ba wadda ta amsa, sai ni. Na ce, "A'a, Inna. Zango ya je ya dawo."